Mutum Nawa Tsohon Jirgi Zai Ɗauka, Wa Kuma Ya Auna?

Duk lokacin da jirgin fito ya kife a Arewa, kafin a gama tsamo gawarwaki za ka ji jami'ai sun ce obalodi ne. An faɗi haka a Wara, an faɗa a Bagwai, an maimaita a Patigi da Gbajibo. Ba na musun maganar, galibi gaskiya ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan an ce an yi wa jirgi lodi fiye da kima, to kimar nawa ce? Wa ya auna ta? A ina aka rubuta ta yadda matar da ta goyo ɗanta, ta riƙo wani a hannu, za ta gani kafin ta sa ƙafa a ciki? A ganina, muddin ba a rubuta wa kowane jirgi iyakarsa a jikinsa ba, musamman tsofaffin jiragen katako waɗanda su ne mafi yawa a ruwanmu, dokar hana obalodi za ta ci gaba da zama dokar da ake tunawa da ita a wurin ta'aziyya.

Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ya nutse a tsakiyar ruwa. Rahotanni sun ce mutanen da ke ciki sun kai wajen 180, waɗanda aka ceto da rai kuwa kimanin 20 ne. Bayan abin ya faru, wani jami'in yankin ya shaida wa manema labarai cewa bai kamata jirgin ya ɗauki fiye da mutum 80 ba, ga shi kuma an loda masa buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. Ashe dai akwai wanda ya san adadin. Amma 80 ɗin nan a cikin kan wani mutum take, babu ita a jikin jirgin, kuma mutum na 81 da ya shiga da safiyar ranar ba shi da hanyar sanin cewa shi ne na 81.

Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aka tsamo gawa aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni 2023 'yan biki fiye da 100 suka rasu a kogin Neja ta wajen Patigi, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Ranar 1 ga Oktoba 2024 wani jirgin da aka ce yana ɗauke da mutum kusan 300, galibi mata da yara a kan hanyar taron Mauludi, ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Duba ranakun da kyau: biki da Mauludi. Ranar da jama'a suka taru a gaɓa lokaci guda, kowa yana sauri, jirgi kuma ɗaya ne.

Mu da muke zaune a Kaduna mun saba kallon kogi daga saman gada, ta tagar mota, sai muke ɗaukar wannan magana ta mutanen Yawuri ce da ƙasar Nupe. Alhali ruwan nan da ke wucewa ta bayan Unguwar Rimi da Kabala shi ne yake gangarawa Shiroro da Zungeru, ya je ya haɗu da kogin Neja a Muregi, daura da Patigin da ake magana. Kuma ko a nan cikin gari, wanda ya sauka bakin kogi zai ga kwale-kwale yana aiki, na masunta, na masu tsallaka manoma, da na masu yashi.

Aikin masu yashin nan ya isa a tsaya a kalla. Mutum zai nutsa da bokiti, ya taso ya juye a cikin jirgi, ya sake nutsawa. Jirgin yana ta zama cikin ruwa a hankali, har ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai fi faɗin yatsu huɗu ba. A ƙarshen jirgin akwai yaro da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsatsafowa daga yashin. Can sai ka ga babban ya dubi gefen jirgin, ya jefa bokitin ciki, ya hau, ba zai ƙara ko ɗaya ba. Ba shi da sikeli, bai yi lissafi a takarda ba, bakin jirgin ne ma'auninsa, kuma ya san shi sarai. Ilimin auna jirgi yana nan a hannun mutanenmu. Sai dai mai yashi da ransa kaɗai yake caca, kuma ya iya ruwa. Bayan haka yashi ba ya firgita. Ba ya miƙewa tsaye idan igiyar ruwa ta bugi jirgi, ba ya rugawa gefe guda yana salati. Ratar yatsu huɗun da ta ishi yashi ba za ta ishi mata da yara ba, kuma a nan ne idon matuƙi, komai ƙwarewarsa, yake buƙatar doka ta tsaya masa.

Dokar kuwa akwai ta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta tana Lakwaja, ita ke da alhakin yi wa jirage rajista da duba lafiyarsu. A watan Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da ikon a shari'ar da aka daɗe ana yi da gwamnatin Legas. Akwai kuma ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, waɗanda suka wajabta rajista da sanya rigar ceto, suka hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. A takarda babu abin da ya rage. Amma hanyoyin ruwan ƙasar nan sun kai kimanin kilomita 10,000, mashigai kuma ba su ƙirguwa, wasu ma sai damina ta yi nisa suke buɗewa. Babu hukumar da za ta iya ajiye jami'i a kowanne. Abin da za a iya ajiyewa a kowane mashigi, dare da rana, ba albashi ba alawus, shi ne rubutu a jikin jirgi.

A Amurka sun daɗe da yin wannan. Bisa dokar kiyaye lafiyar jiragen ruwa ta 1971, ƙaramin jirgi mai inji da bai kai ƙafa 20 ba, idan daga watan Nuwamba 1972 aka ƙera shi, dole kamfanin da ya ƙera ya manna masa ɗan allo a inda matuƙi zai gani. A kan allon akwai yawan mutanen da zai ɗauka, da jimillar nauyin mutane da kaya da inji, da iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura masa. Jiragen da suka riga wannan lokaci kuwa dokar tarayya ba ta tilasta musu ba, shi ya sa har yau mai tsohon jirgi a can yakan tsaya yana tambaya ko za a yi masa rajista babu allon. Ga irin waɗannan ne ake koyar da wani lissafi na kintace: tsawon jirgi sau faɗinsa, da ƙafa, a raba da 15. Kwale-kwale mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa 4 ke nan bai kai na mutum biyar cikakku ba. Wanda ya taɓa ganin yawan mutanen da ake zubawa a irin wannan kwale-kwale ranar kasuwa zai yi dariya, dariyar da ba ta daɗi ba.

Ba za mu iya kwafo tsarinsu yadda yake ba, domin su a kan kamfani suka ɗora nauyin. Mu kuwa jirginmu kafinta ne ya haɗa shi a bakin ruwa, da katako da ƙusa da kwalta, bai ba da rasit ba balle takardar awo. Wani jirgin ya sauya hannu sau uku, wanda ya sassaƙa shi ya daɗe da rasuwa. Idan jami'in rajista ya ce sai an kawo shaidar maƙeri, ko hoton allo, ko a je ofishi a babban birnin jiha a cike fom a biya kuɗi, to ya kori tsofaffin jiragen nan daga littafinsa gaba ɗaya, su kuma ba za su daina fito ba. Za a wayi gari da rajista mai tsabta cike da sababbin jiragen gwamnati, waɗanda suke kisa kuma suna waje. Rashin allo a jikin tsohon jirgi bai kamata ya zama dalilin hana shi rajista ba. Rajistar ce ya kamata ta zama ranar da za a auna shi a rubuta masa.

Kuma ba awo ɗaya ba ne na har abada, domin jirgi yana tsufa. Katako yana shan ruwa ya yi nauyi. Ana yi masa faci da kwano da kwalta, kowane faci ƙarin nauyi ne, kuma alama ce ta inda ya raunana. Mai shi ya samu kuɗi ya sauya inji ya ɗaura babba. Ya ga rana tana dukan fasinja ya kafa rumfa, daga baya rumfar ta zama wurin ɗora buhuna, wani lokaci har da samari a zaune a kai. Jirgin da ya ɗauki mutum 60 lafiya lau yana sabo, bayan shekara goma wani jirgi ne daban, sunan mai shi ne kawai bai sauya ba.

Amurkawan da kansu sun sha wannan darasi da ɗaci. Ranar 2 ga Oktoba 2005 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a tafkin George, rana tsaka, babu hadari babu guguwa. Fasinja 47 ne a ciki, yawancinsu tsofaffi, 20 suka mutu. Matuƙin bai karya ƙa'idar takardarsa ba, domin takardar ta ba shi izinin fasinja 48. Da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gwada, sai ta gano cewa tun bayan awon farko an sauya wa jirgin rumfa an sa mai nauyi, ba a kuma sake auna shi ba, kuma a yadda yake a ranar mutum 14 ne iyakarsa. Ga allo, ga lasisi, ga sa hannun hukuma, amma duk na jirgin da ya riga ya sauya ne. Daga baya, a 2011, suka ɗaga ma nauyin da ake ƙiyasta wa kowane fasinja zuwa kusan kilo 84, saboda mutanen yanzu sun fi na lokacin da aka yi ƙa'idar jiki.

To ko an rubuta adadin mutane, akwai sauran magana, domin jirgin fito a ƙasar nan ba mutane kaɗai yake ɗauka ba. Akwai babura, buhunan shinkafa da masara, jarkokin man fetur, awaki, wani lokaci har shanu. Babur ɗaya ya fi babban mutum nauyi, buhun masara cikakke ma haka. Idan an rubuta "mutum 40" sai ɗan kamasho ya ƙirga kai 40 daidai, ya cika sauran wurin da kaya, ya ce bai saɓa ba. Saboda haka lambar tana buƙatar abokin tafiya, wato layi.

Wannan ma tsohuwar dabara ce. A ƙarni na 19 masu jiragen ruwa a Ingila sukan yi wa ruɓaɓɓun jirage inshora mai tsoka, su danƙara musu kaya, su tura su teku. Idan sun isa riba, idan sun nutse ma riba, matuƙa ne ke asarar rai. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya kafe a kan maganar har aka yi dokar 1876, wadda ta wajabta zana alama a gefen jirgi, idan ruwa ya rufe ta an wuce iyaka. Har gobe manyan jiragen da ke shigowa tashar jiragen ruwa ta Apapa suna ɗauke da wannan alama. Amma akwai wani abu a tarihin da ya kamata mu riƙe: dokar farko ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana layinsa, sai a 1890 hukuma ta karɓe wannan iko, bayan an ga abin da masu jirage suka yi da shi. Kada mu maimaita shekara 14 ɗin nan. Mai jirgi ba zai zama alƙalin lambar kansa ba.

Kyan layi shi ne ba ya buƙatar karatu. Tsohuwar da ba ta san boko ba, ba ta san ajami ba, tana iya ganin jan fenti, tana kuma iya ganin ruwa ya haɗiye shi. Layi ba ruwansa da ko nauyin na mutum ne ko na akuya. Kuma idan katako ya sha ruwa jirgi ya ƙara nauyi, layin da kansa zai matso kusa da ruwa tun kafin a ɗora komai.

Yadda za a auna ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Jarka mai lita 25 idan an cika ta da ruwa kilo 25 ce, uku sun tashi nauyin babban mutum. A kawo jirgi bakin gaɓa ranar da ba ta kasuwa ba, a gaban jami'in hukuma da Sarkin Ruwa da shugaban masu fito. A yi ta jera jarkoki a inda fasinja ke zama har a kai ratar da injiniyoyin hukuma suka ƙayyade wa irin wannan ruwa, domin ratar da ta isa a ƙaramin rafi ba za ta isa a tafkin Kainji ba, inda iska ke tayar da igiya, ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968. Sannan a tura wani kaso na jarkokin gefe guda a ga yadda jirgin zai karkata, wannan shi ne gwajin firgitar da yashi ba ya yi. Abin da ya fito a rubuta shi da manyan lambobi a goshin jirgi hagu da dama, a ja layi, a sa shekarar awo, a ɗauki hoto da waya a shigar a rajista. Bayan kowace damina a sake. Wanda ya sauya inji ko ya kafa rumfa ya dawo a sake. Kuma karon farko ya zama kyauta, domin ranar da aka maƙala wa wannan aiki haraji, ranar ce masu jirage za su fara ɓoye su a cikin ciyawa idan sun hango jami'i.

Na san abin da za a ce: fenti ba ya hana son kuɗi. Haka ne. Jirgin Joola na ƙasar Sanigal yana da takardu cikakku, an ƙera shi don mutum ɗari biyar da 'yan kai, gwamnati ce mai shi, sojoji ke tafiyar da shi. Ranar 26 ga Satumba 2002 ya kife a gaɓar Gambiya a kan hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar, mutum 1,863 suka mutu a ƙidayar hukuma, 64 kacal suka tsira. Kowa ya san adadin, babu wanda ya tsaya a ƙofa ya ce ya isa. Saboda haka ba na cewa rubutu shi kaɗai zai wadatar. Abin da nake cewa shi ne, idan babu shi, wanda ma yake son ya ce ya isa ba shi da abin nunawa. A yau idan fasinja ya ce, "Malam, jirgin nan fa ya cika," amsar da zai samu sananniya ce: "Haba Alhaji, kullum haka muke tafiya, Allah ne ke kiyayewa. In kana tsoro ka sauka." Sai ya yi shiru, don kada a ce ba shi da tawakkali, ga kuma idon jama'a. Gardama ce tsakanin ra'ayinsa da na matuƙi, kuma matuƙi ne ɗan ruwa. Idan akwai layi, gardamar ta koma tsakanin matuƙi da abin da kowa yake gani da idonsa. Haka nan idan abu ya faru aka je gaban alƙali, akwai lambar da za a tambayi mai jirgi a kanta.

Shi ma matuƙin a yi masa adalci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, sawu biyu ya zama asara a wurinsa idan kuɗin fito bai tashi ba, fasinjan ƙauye kuma ba shi da abin ƙarawa. Ga matsin jama'a: wane ne zai dubi iyalan ango a gaɓa da almuru ya ce rabinku ku kwana a nan? Matuƙi shi kaɗai ba zai iya ba. Sarkin Ruwa zai iya, idan hakimi da hukuma sun tsaya a bayansa, kuma idan an san cewa akwai sawu na biyu. A nan ne kuɗin ƙaramar hukuma zai yi amfani na gaske. Ranakun cunkoso sanannu ne, kasuwar mako da watan Mauludi da bukukuwan bayan girbi, ba sa zuwa ba zato. Kuɗin man sawu na biyu a waɗannan ranaku bai kai abin da ake kashewa a ayarin motocin zuwa jaje ba.

Ministan harkokin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya sha kiran a daina amfani da jiragen katako a koma na zamani, ma'aikatarsa kuma ta raba dubban rigunan ceto a jihohin da ke bakin ruwa a 2025. Ba na raina ko ɗaya. Rigar ceto tana tsamo rai, amma aikinta yana farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife, kuma riga 40 a jirgin da aka zuba wa mutum 150 rigima ce kawai za ta haddasa. Kai, ko yawan rigunan da za a ba jirgi ma sai an san adadinsa. Batun kawar da jiragen katako kuwa, ko da gaske ake yi zai ɗauki shekaru, kuma kafin nan su ne motar asibiti da motar makaranta da motar kasuwa a ɗaruruwan ƙauyuka. Sabon jirgin ma idan aka danƙara masa ninki uku na abin da zai iya, ƙasa zai yi.

A nan Kaduna gwamnonin Arewa suke taronsu, kuma jihohin da wannan masifa ta fi ci, Neja da Kebbi da Kwara da Kogi da Sakkwato da Zamfara, duk suna da kujera a teburin. Ikon doka na NIWA ne, amma sarakunan ruwa da hakimai da ƙananan hukumomi a hannun jihohi suke, dole sai an haɗu. Jihar Kaduna tana iya fara gwadawa a gida, tun da jiragenta ba su da yawa kuma mashigan cikin gari a kusa suke. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya duwatsun kogi suka fito, aiki ya yi sauƙi, a auna kwale-kwalen da ke ɗaukar mutane daga Rafin Guza zuwa Kabala, a ga nawa aikin ya ci, a ga inda masu fito za su yi ƙorafi, a gyara. Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ake saurare har ƙauyukan bakin Neja, ya bayyana wa mutane ma'anar jan layin da Hausa da Nupanci. Kafin ruwan Agusta ya sauko za a samu abin da za a ɗauka a kai wa Wara da Mokwa, da lissafin kuɗinsa a rubuce.